Zango 53 A Ƙasar Japan

Yau ku ɗaura zane da kyau, za mu yi doguwar tafiya zuwa ƙasar Japan, can gabas mai nisa.

A ƙasar nan akwai wata tsohuwar hanya da a ke kira Tokaido. Ta tashi daga Edo, garin da aka sake wa suna Tokyo a 1868, ta bi gaɓar teku, ta ratsa duwatsu har Kyoto. Tsawonta wajen mil 300 ne, da zango 53, kamar na fatakenmu na da. Mai tafiya a ƙasa ya kan yi mako biyu. Amma fa a zamanin da, mace ba ta barin Edo haka kawai. A lokacin, a zangon Hakone akwai shinge, sai ta nuna takardar izini, wata tsohuwa ta kwance mata gashi ta duba. Don haka mata da yawa ba su san hanyar ba sai a hoto.

Wajen 1833 wani gwanin zane, Hiroshige, ya fitar da hoton kowane zango. Na Shono ya fi ƙayatar da ni. Ruwa ya kece, iska ta tanƙwara gora, matafiya sun sunkuya suna gudu. In kin duba sai ki ji kamar ki ruga ki kwashe shanya.

Ba da alƙalami a ke yin kowane ɗaya ba. Mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa zanen a kan allo, kowane launi da allonsa. Sa'an nan mai bugu ya shafa launi, ya ɗora takarda, ya murza da hannu. A wancan zamani haka a ke buga ɗaruruwa, har dubbai, a sayar a kasuwa bisa kuɗin kwano ɗaya ko biyu na taliya.

To, ku ji abin mamaki. Wani gwanin kuma, Hokusai, ya yi hoton ƙatuwar igiyar ruwa ta taso za ta rufe jirage, ga dutsen Fuji can baya ɗan ƙarami. Wajen 1831 aka fara buga shi. A 2023 aka yi gwanjon guda ɗaya a New York ta Amurka, ya haura dala miliyan 2 da dubu 700. Takarda fa, ba ta kai faɗin tire ba!

Masu tara su ba kowanne su ke so ba. Allo ya kan cinye da yawan murza, saboda haka bugun farko ya fi fitowa tsaf, shi ne mai tsada. Su kan duba launi kuma, gama kun san yadda rana ke koɗar da zane. Waɗanda aka manna a bango sun lalace, na ƙasan akwati su ne suka tsira. Ko a gidajen ajiye kayan tarihi, 'yan watanni kaɗan a ke nuna su cikin haske dishi-dishi, a mayar da su akwati.