Ni da Injin Naɗin Kawu

Duk wanda ya tashi a Sabon Ibadan a zamanin da hoto ke da daraja, da wuya a ce babu hoton da Kawuna ya ɗauka a gidansu. Biki ne, suna ne, saukar Alƙur'ani ce ko tarar alhazai, za ka gan shi da kyamara rataye a wuya. Kyamarar Nikon FM2 ce, irin wadda aka fara fitarwa a 1982, a ƙarƙashinta kuma an ɗaura wani inji mai suna MD-12. Kawu "mota" yake ce masa. Da na kai maganar aji mun sha musu a kan sunan da ya dace, wani ya ce majanyi, wata ta ce na'urar tura fim. Ni dai injin naɗi na zaɓa, domin aikinsa ke nan: da ka danna, ya ɗauki hoto, ya naɗe fim zuwa gurbi na gaba, ba sai ka ja hannun naɗi da babban yatsa ba. In ka sa shi a harafin C ka riƙe dannawa, yana ɗaukar sama da hoto 3 a daƙiƙa, wato fim mai hoto 36 zai ƙare cikin kamar daƙiƙa 12.

Wayar hannu ta kashe kasuwar Kawu, daga baya ciwon ido ya zaunar da shi a zaure. A 2023 aka sa ranar auren autarsa, sai ya aika aka kira ni daga makaranta. Ya ce, "Ɗan nan, na ɗauki 'ya'yan mutane ba adadi. Tawa ma da wannan kyamarar nake so a ɗauke ta, ko da ba zan gani ba." Ya miƙo mini jaka da fim guda ɗaya tak, wanda aka sayo masa daga Legas da tsada.

Daren jajibiri na ɗaura injin na danna, shiru kamar an shuka dusa. Na zaro gidan batir, sai ga wani farin gari ya daskare a kan ƙarafunan. Ashe tsofaffin batura aka bari a ciki shekara da shekaru, ruwansu ya tsiyaye ya ci ƙarfe. Kawu ya ce in nemo lemun tsami. Na ɗauka wasa yake, sai daga baya wani abokina mai karatun kimiyya ya bayyana mini cewa abin da irin waɗannan batura ke zubarwa dangin kanwa ne, tsami ke narkar da shi. Na diga a auduga na goge, ya yi ɗan kumfa, na kankare sauran da tsinken ashana, na bari ya bushe sarai.

Injin batir 8 yake ci, irin na rediyo ƙanana. Na ruga kanti na sayo masu arha, domin aljihun ɗalibi kun san shi. Na zuba, na danna, ya yi gurnani sau ɗaya ya tsaya. Kawu ya ce in kwance shi in duba 'yan ƙusoshin da ke samansa, waɗanda ke taɓa ƙasan kyamara su kai saƙo tsakaninsu. Sun yi dauɗa. Na murza su da kilinar fensir har suka yi ƙyalli, na mayar, na ɗaure sukurun tamau. Nan take ya kama aiki, cas-wiii, cas-wiii. Kawu ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Abin da ban lura ba shi ne, gwajin duk babu fim a ciki na yi shi, kuma inji mara kaya ko rago ya juya shi.

Washegari bayan ɗaurin aure na ɗauki hoto 11 lafiya lau. Ana fito da amarya, gwaggwanni na guɗa, na danna na 12, sai injin ya ja da ƙyar ya maƙale. Jar fitilar bayansa ta kunnu ta ƙi mutuwa. Na sake dannawa, babu labari. Gumi ya karyo mini. Wallahi har yatsana ya kai kan abin buɗe bayan kyamara don in ga me ya faru, da na buɗe kuwa da haske ya ƙone abin da na ɗauka.

Na kutsa zaure na durƙusa gaban Kawu. Bai tambaye ni komai ba, cewa ya yi in kashe in kunna kusa da kunnensa. Ya saurara, ya ce, "Batir ne. Na nawa ka sayo?" Na sunkuyar da kai. Ya ce jan fim aiki ne mai nauyi, batir mara ƙarfi yakan kai rabin hanya ya gaza, sai kyamara ta zauna tsaka-tsaki, ba ta gama naɗi ba balle ta yarda ta sake ɗauka, injin kuma yana jiran ta ba shi izini. Kowa na jiran kowa.

Ya sa na kashe injin na kwance shi, na ja hannun naɗi a hankali har ya kai ƙarshe. Ya gargaɗe ni cewa in na ji turjiya kada in matsa, domin haƙoran ciki na iya yaga hujojin gefen fim. Bai turje ba. Ya ce, "To je ka, ita wannan ba ta buƙatar kowa." Gaskiya ne, FM2 da sifirin take aiki, ɗan batirinta na awon haske ne kawai. Na koma na ci gaba da ɗauka da yatsa, na sami amarya a bakin mota.

Kafin in dawo ya aiki yaro ya sayo batura masu kyau. Ya laluba aljihu ya fito da tsohuwar naira ɗaya ta ƙarfe, ya kunna injin, ya goga ta a kan ƙusoshin nan. Injin ya yi wiii, ya ƙarasa zagayen da ya bari. Ya ce dabarar masu hoto ce tun ta da. Na mayar da shi na ƙarasa fim ɗin. A ƙarshe jar fitila ta sake kunnuwa, gabana ya faɗi, amma wannan karon fim ne ya ƙare. Na tura maɓallin R, na naɗe shi da hannu ya koma cikin gwangwaninsa.

Wanki ma sai da aka aika Legas, aka yi mako 3. Hoto 35 suka fito, ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa daidai inda injin ya maƙale, gwaggo biyu sun zama mutum ɗaya mai kai biyu. Na zauna kusa da Kawu ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa masa wanda ke ciki da abin da ya sa. Da muka zo kan na amarya ya riƙe shi ya daɗe yana shafawa, sannan ya tambaye ni ko rana na bayana lokacin da na ɗauka. Na ce tana gefe. Ya ce ba laifi, amma in cire baturan nan kafin in mayar da injin jaka.