Suna da Kama: Wata Safiya a Gonakin Gagarawa

A ƙarshen damina, gero ya fitar da kai kuma riɗi yana fure, wani malamin Hausa ya bi ayarin ɗalibai masu sha'awar ɗaukar hoto zuwa gonakin Gagarawa, a masarautar Gumel. Sun yi sammako ne domin sanyin asuba yana kashe jikin ƙwari, su lafe a ganye har rana ta ɗaga. Kyamarorinsu na ɗauke da gilashin da ke kusanto da ƙaramin abu har ya cika hoto. Aikin na buƙatar haƙuri, domin abin da ke fitowa sarai bai wuce kaurin 'yan milimita ba, kuma numfashi ɗaya ya isa ya ɓata hoton.

Malamin ya je ne a matsayin ɗan rakiya, yana ganin bakin ilminsa a wannan fage sunaye ne, kuma yana da su. Ya sha buɗe ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006, ya kuma daɗe yana kawo zanzaro da buzuzu da hangara a matsayin misalai a aji.

Wata ɗaliba ta nuna masa hoton wani ƙwaro mai siririn ƙugu kamar zare, ya ɗauko ƙwallon laka a baka. Ta ce, "Malam, mene ne sunan wannan?" Ya duba, ya yi shiru. Mai gonar, wani dattijo da ke tsaye yana kallon baƙin nasa, ya leƙa ya ce, "Ai zanzaro ne, 'yata. Ɗaki zai je ya gina." Ɗaliban suka yi dariya, domin su zanzaron da suka sani shi ne cusa riga cikin wando. Sai a lokacin suka ga inda kalmar ta samo asali. Malamin kuwa ya sha yin bayanin wannan dangantaka a allo, ga shi an nuna masa mai sunan ya kasa shaida shi.

Daga nan tafiyar ta koma hannun dattijon. Ya hana wani ɗalibi taɓa hangara a kan zangarniyar gero, ya ce ruwan jikinta na tayar da bororo. Ya bambanta babe da sauran fari. Gilashin ma ya nuna abin da dattijon bai taɓa gani ba: kunnen fara a gefen cikinta yake, na gyare kuma a ƙafafunsa na gaba. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Malam, shekara nawa muna tare da su ban san haka ba."

A hanyar komawa Gumel, malamin ya yi ta juya abin a ransa. Ƙamus ya adana masa suna, amma sau da yawa bayanin bai wuce a ce wani irin ƙwaro ne ba. Ɗalibansa suna da kama ba su da suna. Wanda ya haɗa biyun shi ne manomin da ya tsufa, wanda jikokinsa suka fi sanin sunan maganin feshi. Ranar da irinsa suka ƙare, kalmomin za su zauna a shafi ba tare da mai iya nuna abin da suke nufi ba.

Da dare ya roƙi ɗaliban kada su sa wa hotunan lamba kawai. A ƙarƙashin kowanne a rubuta sunan da dattijon ya faɗa, da garin, da shukar da aka tarar da ƙwaron a kai. Hotuna da dama sun rage babu suna, don haka suka sa ranar komawa Gagarawa kafin a yi girbi.