Jamusanci a Bakin Bahaushiya

Maigidana yana Hambug yana lodin tsofaffin motoci zuwa Lome, ni kuwa ba zan bi shi ba sai na ci jarrabawar Jamusanci ta matakin A1, don ita ake nema kafin a ba matar aure biza. Shi ya sa na koma ɗaliba da girmana.

Furucin bai kai yadda ake tsorata mu ba. Harafin Z "ts" ne, kusan irin na tsuntsu. V yawanci F ne, shi ya sa Vater, wato uba, yake fita kamar "fata". Inda aka ga "ei" kuma "ai" za a ce.

Wahalar tana wajen jinsi. Mu namiji da mace muka sani, su sun ƙara na uku: der, die, das. Yarinya ma das Mädchen ce, wai ba namiji ba mace! Dole a haddace kowane suna da nasa.

Lissafinsu kuma a juye yake. 45 fünfundvierzig ne, biyar da arba'in. Ɗan kasuwar da bai natsu ba sai ya ji 54.

'Yan uwana mata, kada ku jira sai takardu sun iso. Ku fara da lambobi tun yau.