Tsakanin Dannawa Da Shafawa

Mai karatu, ɗan dubi wayar da ke hannunka, ka rufe ido, ka gwada kiran wani na gida. In irin mai gilashin nan ce, na san ba za ka kai ko'ina ba.

Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, madannai muka fara sani. Duk wanda ya riƙe Nokia 3310, ko 1100 mai tocila da ta fito a 2003, zai tuna ɗan tudun nan da ke wajen lamba 5. An yi shi ne domin yatsa ya gane tsakiya, daga nan ya lalubo sauran lambobin, ko an ɗauke wuta, ko mai wayar makaho ne. Wato yatsa da kansa yake haddace hanya.

A 2007 kamfanin Apple ya fito da iPhone, fuskarta duk gilashi, sai madanni guda a ƙasa. Da iPhone X ta zo a 2017, shi ma gudan aka cire. Wayoyin Android na farko kuwa suna da hoton ɗan gida da kibiyar komawa baya, abin da ko yaro zai iya hasashe. Sai a 2014 Google ya mayar da su alwatika da da'ira da murabba'i. A 2019 kuma aka kawo tsarin da babu alamar ma gaba ɗaya, sai dai ka shafo daga gefe ko daga ƙasa.

To, a nan gizo ke saƙar. Mahaifiyata ba ta yi boko ba, idonta kuma ya raunana, amma shekara da shekaru tana sarrafa 'yar ƙaramar wayarta ba ta nemi taimakon kowa ba. Ta danne 2 ta same ni, ta danne 3 ta sami yayata. Da muka haɗa kuɗi muka sayo mata babba, ta daɗe tana kallon alamomin nan uku, can ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ƙwan da akwatin me suke cewa?" Na rasa amsa, domin da'ira ba ta yi kama da gida ba. Ga shi gilashin da ɗan lantarkin jikin mutum yake aiki, in hannu ya jiƙe wajen wanke-wanke sai ya rikice.

Abin da ya fi damuna shi ne sirrinta. Yanzu in an turo mata kuɗi, sai ta kira jika ya duba mata, kafin la'asar gida duk ya san nawa ne. Dattijuwar da ta rene mu ta koma jiran yaro ya dawo daga makaranta.

Ban ce gilashi ba shi da amfani ba. Alama ɗaya ta gane nan take, makirufon WhatsApp, domin ta saba ganin irinsa a hannun masu wa'azi. Da shi take aika wa 'yan uwanta gaisuwa da muryarta. Ashe laifin ba na tsufa ba ne. In alama ta yi kama da abin da mutum ya sani, ba sai an koya masa ba.

Saboda haka 'yan uwa, kafin ku saya wa Inna ko Baba waya, ku tambaye su wacce suke so. In babbar ce, ku shiga saiti ku dawo da alamomin nan uku, ku ƙara girman rubutu, ku zauna ku koya musu da haƙuri. In kuma suka ce a bar musu mai madannai, wadda samari ke wa laƙabi da "raka ni kashi", kada ku yi dariya. Kowa ya san inda yake masa ƙaiƙayi.

Allah Ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu, amin.