Yadda Muka Nemo wa Yaranmu Malamin Fiyano a Legas

Tun da labari ya fita cewa yaranmu suna koyon fiyano a gida, tambayoyi ba su yanke ba: ina kuka samo malamin, yaya ake biyansa, kuma me ya kai ɗan Bahaushe ga wannan abu? Mu gidaje uku ne a nan Agege, maƙwabtan juna, da yara biyar a tsakaninmu, babbarsu shekararta 12, ƙaraminsu 7. Maimakon mu yi ta amsa wa mutum ɗaya-ɗaya a bakin masallaci ko a wajen suna, muka ga gara mu rubuta a nan kowa ya gani.

Tambayar ƙarshen ta fi nauyi, don haka da ita za mu fara. A gida Arewa kiɗa sana'ar gado ce. Ɗan makaɗi yana rataye da ƙaramin kalangu tun bai iya ɗaure wando ba, yana bin ubansa gidajen biki, kuma ba wanda ya taɓa biyan sisi don a koya masa. Wanda kuwa ba gidansu ba ne, in ya ɗauki ganga sai a ce zai zama maroƙi. Kakar ɗaya daga cikin yaran ta faɗa mana hakan a waya ba tare da ta tauna ba. Amma makarantun kuɗin da yaranmu suke zuwa a nan suna da darasin kiɗa a jadawali, ana jarrabawa, ana sa maki a takardar sakamako. 'Ya'yan Yarbawa da na Ibo da yawa sun taso da do re mi a baki tun daga coci, namu kuwa sai su zauna a bayan aji suna kallo, maki yana zubewa. Babbar yarinyar ta kai ga cewa ranar darasin kiɗa cikinta yana ciwo. Wannan ne ya tashe mu. Mun san malaman addini suna da maganganu a kan kiɗa, kuma kowane gida ya san malamin da yake bi. Akwai maƙwabcinmu na huɗu da muka tuntuɓa ya ce shi ba ya ciki, muka ce to madalla, zumunci bai taɓu ba.

Kafin neman malami sai da muka san abin da za a koya a kai. Abin da masu waƙoƙin fim a Kano suke kira fiyano, galibi kibod ne na Yamaha mai amfani da wuta, wanda ke fitar da sautin ganga da sarewa da goge duk daga akwati ɗaya. Fiyano na asali daban yake: akwati ne babba na katako, in ka danna maɓalli sai wata 'yar guduma ta bugi waya a ciki. Wani mutumin Italiya, Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙirƙiro shi wajen shekarar 1700. Cikakkensa yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36, kuma ƙarfin dannawarka shi ke sa sautin ya yi ƙarfi ko taushi. Na katakon ba na gidan haya ba ne: ga tsada, ga nauyi, ga danshin Legas da ke kumbura katako ya ɓata sauti, sai an riƙa kiran mai gyara. Muka haɗa kuɗi muka sayi na lantarki mai maɓallai 88 masu nauyi irin na asalin. Ƙaramin kibod mai maɓallai 61 ya fi araha, yana kuma aiki da batir in an ɗauke wuta, amma yatsun yaro ba sa yin ƙarfi a kansa, kuma duk malaman da muka gani sun ce zai kai yaro wani wuri ne ya tsaya.

Malamai uku muka gwada, kowanne muka biya shi kuɗin darasi ɗaya, mu iyaye muna zaune muna kallo. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowacce amfani a duk abin da za mu faɗa. Mutum zai iya kaɗa fiyano har tsigar jikinka ta tashi, amma ka ajiye masa yaro ɗan shekara 7 ya rasa ta inda zai fara.

Na farko matashi ne mai kaɗa kibod a wani coci. Da kunne ya koya, da kunne yake koyarwa. Cikin minti 20 ya sa ƙaramin yaron ya kaɗa farkon wata waƙa da yatsa ɗaya, yaran suka yi ta tsalle. Hanyarsa ita ce ta do re mi fa so la ti, wadda ta cika cocin Kudu: ka rera sautin da baki, sannan ka nemo shi a maɓalli. Ya nuna mana wani abu da ya burge mu ƙwarai. Ya ce a makaranta ana koyar da karin sautin Yarbanci da do re mi, do ƙasa, re tsakiya, mi sama, sai ya tambaya ko Hausa tana da irin wannan. Muka ba shi kuka na yaro da kuka ta miya. Ya saurara sau biyu, ya danna maɓalli ɗaya sau biyu ya ce wannan na yaro ne, ya danna na sama sannan na ƙasa ya ce wannan ta miya ce. Daidai kuwa. Ashe abin da kalangu yake yi ke nan in yana kirari, kuma yaranmu sun daɗe da wannan kunnen ba su sani ba. Matsalarsa biyu ce. Bai iya karanta rubutun kiɗa ba, wanda shi ake tambaya a jarrabawar makaranta, sannan duk waƙoƙin da ke hannunsa na ibadarsu ne. Ya faɗi haka da bakinsa, mutumin kirki, muka rabu lafiya.

Na biyu dattijo ne, ya zo da jaka cike da littattafai da takardun shaida. Shi mutumin jarrabawa ne. Ya yi mana bayanin hukumar ABRSM ta Ingila, wadda aka kafa a 1889, mai shirya jarrabawa mataki-mataki daga 1 zuwa 8. A kowane mataki yaro zai kaɗa kiɗa uku da ya shirya, ya yi hawa da saukar sauti, a ba shi takardar da bai taɓa gani ba ya karanta ya kaɗa nan take, sannan a gwada kunnensa. Kafin ya shiga mataki na 6 sai ya ci jarrabawar ƙa'idojin kiɗa ta mataki na 5 ko makamanciyarta. Ya kuma ambaci MUSON da ke Onikan, ƙungiyar da aka kafa a 1983, wadda take da makarantar kiɗa da nata jarrabawar. Tsarin yana da kyau, domin uba zai san inda kuɗinsa yake tafiya. Amma a darasin gwajin, minti 40 suka wuce yara ba su taɓa maɓalli ba. Layuka biyar ya zana a takarda yana sa su haddace sunayen alamomi, kuma da yaron ya karkata sai ya buga tebur da rula. Bai taɓa yaron ba, amma mun ga idon yaron. Mu da muka ci bulalar makarantar allo ba baƙin horo ba ne, sai dai wannan abu ne da muke son yaro ya nufa da ƙafarsa, kuma ba ma jin zai nufi abin da ake razana shi a kai.

Ta uku mace ce, wata uwa a makarantar yaran ta haɗa mu da ita. Abin da ta fara yi shi ne tambayar yaran waƙar da suka fi so, ta sa su tafa hannu su bi bugunta, sannan ta zaunar da su ɗaya-ɗaya tana gyara zama: baya a miƙe, kafaɗa a sake, yatsu a lanƙwashe kamar an riƙe lemo. Sai a minti goma na ƙarshe ta buɗe littafi. Ta ce ta ɗauki abubuwa daga hanyar Suzuki, wani malamin goge na Japan da ya rasu a 1998, wanda ya lura cewa kowane yaro yana iya harshen uwarsa kafin ya iya karatu, don haka kiɗa ma a fara da ji da maimaitawa, rubutu ya biyo baya, kuma uwa ko uba su zauna a darasin don su san abin da za a maimaita a gida. Ɗaya daga cikinmu ya yi dariya ya ce ai wannan makarantar allo ce: yaro ya haddace gajerun surori da ka, yana bin bakin malam, kafin a rubuta masa babbaƙu da farfaru. Ita dai ba ta tsaya nan ba. Ta ce yaron da aka bari da kunne kaɗai shekara biyu, daga baya yana ƙin karatu domin kunnen ya fi sauri, shi ya sa take shigo da rubutun tun watan farko, kaɗan-kaɗan. Ita muka ɗauka.

Sharuɗɗan da muka yi da ita a rubuce suke, kowane gida da kwafinsa. Darasi a falo ake yi, ƙofa a buɗe, kuma dole babba ɗaya yana zaune. Wannan ba zargi ba ne, kuma da namiji ne ko mace, ɗan uwa ne ko bare, haka za mu yi. Duk malamin da ya ce shi sai an bar shi da yaro su kaɗai, a sallame shi tun daga bakin ƙofa. Ranar Asabar take zuwa da rana, bayan an taso daga Islamiyya, in an kira sallah a tsaya. Ƙanana minti 30 kowanne, manya minti 45. Kuɗi a farkon wata muke biya, mu ƙara mata na mota, domin wanda ya san cunkoson hanyar Agege ya san zuwan ma aiki ne. In mu muka fasa ba mu sanar ba tun jiya, kuɗin ya tafi. In ita ta fasa, za ta rama. Haɗuwar gidaje uku ita ta sa abin ya yi sauƙi, domin zuwa ɗaya take yi ta koyar da biyar, ta kuma rage mana. Maganar waƙoƙin ibada mun yi ta a fili tun ranar farko, ta ce littattafan koyo cike suke da waɗanda ba na addini ba.

Abin da ba wanda ya gaya mana nauyinsa sai ita, shi ne kwana shidan da ba ta nan. Darasin Asabar nuni ne kawai, koyon a cikin mako yake. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Juma'a da dare. Fiyanon ɗaya ne, yara biyar, don haka muka manna jadawali a bango, kuma uwar gidan da yake ɗakinta ita ce alƙali. Muna sa musu abin ji na kunne saboda maƙwabta. Lokacin jarrabawar makaranta da watan azumi muna rage yawan darasi, ba ma jin kunyar hakan.

Yanzu wata takwas ke nan. Biyu daga cikin yaran sun kama sosai, biyu suna tafiya a hankali, ɗaya kuwa ya ce shi ƙwallo yake so, muka ƙyale shi, ba a tilasta wa doki shan ruwa. Babbar yarinyar ta daina ciwon ciki, har ita ke nuna wa 'yan ajinsu inda do take. Kwanan baya malamar ta kunna musu kiɗan Akin Euba, ɗan Legas da ya rasu a 2020, wanda ya shahara da sa fiyano ya yi magana irin ta gangunan Afirka, ta ce su je su nemo mata kiɗan gidansu. Muka ba ta Ɗan Maraya Jos. Ta saurari kuntigin nan mai tsirkiya ɗaya ta ce a sake kunnawa, sannan ta zauna da yaran suna laluben karinsa a maɓallai da hannun dama. Kakar nan da ta yi maganar roƙo an tura mata hoton bidiyon, ba ta ce komai ba, sai dai ta tambaya ko yarinyar tana zuwa hadda. Tana zuwa.

Malamar ta ce biyun nan za su iya shiga jarrabawar mataki na 1 baɗi in mun yarda. Gida ɗaya ya amince, ɗayan yana lissafin kuɗin rajista tukuna. Wanda yake da yara a wajen Agege ko Ogba kuma yana son ya ga yadda darasin yake, ya yi magana ta akwatin saƙon wannan shafi, a ba shi Asabar ɗaya ya zo ya zauna ya kalla.