Abin da Turaren Wuta Ya Rufe

Zafin watan Afrilu a Kaduna ne ya sa na sayo eyasi ɗan gwanjo, aka kafa shi a ɗakin kwananmu, daidai saman sif ɗin kaya. Daga ranar muka daina buɗe taga. Labule a sake, ƙofa a rufe, wai kada sanyi ya tsere, ina jin ni ma na shiga sahun masu hali.

Da marka ta kankama a watan Agusta sai wani wari ya fara tashi, irin na tsumman da aka jiƙa aka manta da shi a bokiti. Uwargida ta ƙara garwashi a kasko, ta zuba turaren wuta mai tsada. Baƙi kan shigo su yaba ƙamshin gidan, ta yi murmushi, ni ma in taya ta.

Sai tarin ƙaramar 'yarmu ya fara. Da rana tana wasanta lafiya lau, dare na yi sai ƙirjinta ya kama fito. Har yau ina jin wannan sautin. Nakan zauna a bakin gado cikin duhu, tafin hannuna a bayanta, ina ƙirga numfashinta ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Hajiya ta aiko da rubutu da zuma da habbatus sauda, ta ce ƙila iska ce. A asibiti likita ya saurari ƙirjin, ya ɗago kai ya ce, "Malam, akwai danshi a ɗakin da take kwana?" Na ce babu, har da alfahari: ɗakin eyasi ne.

Ɗankunne ne ya tona asirin. Ya faɗa bayan sif, muka ja sif ɗin don a ɗauko shi. Bangon ya yi baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, ga ɗigon kore, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Katakon bayan sif ya ruɓe, yatsa na nutsewa a ciki. Uwargida ta buɗe akwatin lefenta, ta ɗago atamfofi da leshin da take tattali tun aurenmu, duk fumfuna ta cinye su. Ba ta yi kuka ba. Zama kawai ta yi a ƙasa ta ce, "Maigida, a nan yarinyar nan take kwana."

Mai gyara ya zo ya zare siririn tiyon da ke fitar da ruwa waje, ya busa, bai wuce ba. Zanzaro ne ya gina ɗakinsa a bakin tiyon, ƙura ta toshe sauran. Ya ce, "Alhaji, eyasi tsotse laimar ɗaki yake yi ya mayar da ita ruwa. In bai sami hanya ba, bango zai bi." Ban taɓa sanin haka ba, na ɗauka sanyi kawai yake hurawa. Daga baya na fahimci cewa fumfuna kwana ɗaya zuwa biyu kacal take buƙata ta kama wuri mai jiƙa.

Mai gidan haya ya ce a shafa sabon fenti a wuce wurin. Na ƙi, domin fumfuna ta ƙarƙashin fenti take sake tsirowa. Aka fara gyara tiyon, muka ɗaure hanci da baki, muka sa safar hannu, muka kankare bangon da omo da Hypo, tagogi a buɗe, ba mu ƙara wani sinadari a kansu ba. Sif da katifa da rabin lefen suka tafi bola. Sai da bangon ya bushe ƙarau aka yi fenti. Tarin ya yi sauƙi tun da muka mayar da yarinyar falo.

Ɗan'uwa, idan eyasinka yana aiki a damina, zagaya bayan gida ka duba tiyon. In ba ya ɗigar da ruwa a waje, to mai yiwuwa yana ɗigarwa a wani wuri cikin ɗakinka. Ka ja sif ka duba kafin ka ƙara turare.