LAMU: INDA JIRGI YAKE GIDA, GYARANSA KUWA FARILLA

A bakin tekun ƙasar Kenya ta wajen arewa akwai wani tsibiri da ake kira Lamu. Tsohon gari ne na Musulmi masu jin harshen Suwahili, lungunansa kuwa matsattsu ne, har jakuna ne motocin garin. A shekarar 2001 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Amma ni ba gine-ginen suka riƙe mini hankali ba, jiragen katako ne masu tafiya da iska, waɗanda ake kiran manyansu jahazi.

Mai karatu ya sani, ga matuƙan nan jirgi gida ne. In suka fita fatauci ko su, a cikinsa suke girki, su yi salla, su kwana. Daga Disamba zuwa Maris iskar kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas, sa'an nan daga Afrilu iskar kusi ta juyo daga kudu. Da su ake tafiya, da su ake komowa. To, wanda katako ɗaya ne tsakaninsa da halaka, ai ba ya jiran maƙeri ko kafinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ga aikin da idona a ƙauyen Matondoni, wanda ya shahara da sassaƙar jirage. Sau biyu a yini da dare teku kan cika ya kuma janye, janyewar kuwa ta fi nisa a tsayuwar wata da tsakiyarsa. A irin ranakun nan ake jawo jirgi gaɓa, a tokare shi da itatuwa. Da ruwa ya janye sai kowa ya diro, domin sa'o'i kaɗan ne ya komo.

Da farko akan kankare gansakuka da ƙananan halittun da suka manne a cikin jirgin. Sa'an nan shugaban matuƙa, watau nahodha, ya bi katako ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Da jin amon ya san mai lafiya, ya san wanda ya ruɓe. Inda aka sami tsaga sai a zaro tsohuwar auduga, a murza sabuwa kamar igiya, a jiƙa ta da man kwakwa ko na riɗi, a cusa da wani ƙarfe mai faɗin baki ana bugu da guduma. Wannan shi suke kira kalafati. In katako ya sha ruwa ya kumbura, sai ya matse audugar gam. Hannu kuwa sai gwani: in an sassauta ruwa ya shiga, in an matsa da yawa katako ya tsage.

Babban abokin gaba shi ne wata tsutsar teku mai cin katako ta ciki, tamkar gara. Maganinta tun kaka da kakanni shi ne a dafa kitse da farar ƙasa, a shafe duk inda ruwa ke rufewa, kamar yadda muke yi wa soro yaɓe kafin damina. Sama kuwa man hantar kifin shak ake shafawa, don kada rana ta busar da katako. Warinsa ba a cewa komai, amma su matuƙan a nan suke shan shayinsu, ko a jikinsu. Babban ƙyallen nan mai kusurwa uku da ke kama iska, shi ma da allura da zare suke ɗinke shi da kansu.

Yau zamani ya juya. Kwale-kwalen roba masu inji sun yawaita, a 2021 kuma aka buɗe sabuwar tashar manyan jirage kusa da tsibirin. Samari da yawa sun fi son inji, domin ba ya jiran iska. Sai dai fa inji in ya mutu a tsakiyar teku, sai a zauna jiran Allah da mai ceto, alhali mai jahazi yana ɗauke da audugarsa da gudumarsa. Wannan sani ba a littafi yake ba, a hannun dattawa yake. Ranar da aka rasa yaron da zai tsuguna kusa da su ya koya, ranar jahazi zai nutse, ko da yana kan tudu.